Amsoshin Tambayoyinku: Batirin da ke kwana ya mutu, firji mai ƙas-ƙas, da hayaƙin janareta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato gyaran da mutum zai iya yi da hannunsa a gida kafin ya kira bakanike ko mai gyaran lantarki. Bari mu shiga kai tsaye.

Ta farko daga wani direban tasi ce a Zariya. Ya ce: "Motata Corolla ce. Kullum da safe sai an tura ta, amma da zarar ta tashi sai ta yini tana aiki lafiya. An ce in sayi sabon batir. Shin babu wata dabara?"

To Malam direba, kafin ka kai hannu aljihu, buɗe bonet ka dubi kan batirin nan guda biyu. Idan ka ga wani farin gari ko mai shuɗi-shuɗi ya taru a kansu kamar gishiri, to wataƙila batirinka lafiyarsa lau, hanya ce ta toshe. Wannan garin yana hana wuta wucewa, kuma kik na bukatar wuta mai yawa a lokaci guda kafin ya juya inji mai sanyi. Ka kashe mota, ka zare makulli, ka ɗauko sifana mai lamba 10, don ita ce ta fi shiga a irin waɗannan motoci. Ka fara kwance waya mai alamar ragi, wadda aka fi yi baƙa, sannan ka kwance ja mai alamar tarawa. Dalili kuwa, jikin mota gaba ɗaya a haɗe yake da ɓangaren ragi. In ka fara da ja, sifanarka ta taɓa ƙarfen mota, tartsatsin da zai tashi zai iya ƙona maka hannu. Ka dama bakin soda, irin wanda mata ke sa wa a kek, cikin ruwan ɗumi, ka zuba a kan garin. Za ka ga yana kumfa. Ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka tsane da tsumma, sannan wajen mayarwa ka juya tsarin: ja tukuna, baƙa daga baya. Ka ɗaure su tam, yadda in ka kama da hannu ba za su juya ba, ka ɗan shafa basilin a kai. Kada a sha sigari a wurin, domin batir yana fitar da iska mai kama wuta.

In ka yi haka bai daina ba, sai awo. Ƙaramar mitar awon wuta ba ta da tsada, kuma duk mai mota ya kamata ya aje ɗaya. Da safe kafin ka tayar, batir mai lafiya da ya cika zai nuna wajen bolt 12.6. In ka ga 12 ko ƙasa da haka, ya zube sosai. Sai ka tayar da motar ka sake aunawa: ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. In bai ɗaga ba, altaneta ce ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki, kuma ko sabon batir ka saka zai bi sawun tsohon. In kuma caji na tafiya daidai amma yana kwana ya mutu, gwada cire wayar ragi da dare ka mayar da safe. Ta tashi da bugu ɗaya? To akwai abin da ke shan wuta a ɓoye, fitilar but ce, ko rediyon da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba. Ba ta tashi ba? Batirin ya tsufa. Zafin ƙasarmu yana cin batir da wuri.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka, Malam, da duk direbobin da ke jina. Ku daina yarda ana zare kan batir alhali inji na aiki, wai don a gane ko altaneta na caji. A tsofaffin motoci irin su Fijo 504 an yi ta yin haka ana wucewa lafiya. Motocin yanzu kwamfuta ce ke tafiyar da su, wadda makanikai ke ce wa birenbos, kuma wutar da ke harbawa a wannan lokaci tana iya kashe ta. Kuɗinta ya ninka na batir. Sannan in batirinka mai murafu ne ana ƙara masa ruwa, tataccen ruwan ƙara wa batir na kanti za ka zuba, ba mai asid ba, banda fiya wata, banda ruwan rijiya.

Wasiƙa ta biyu daga wata uwargida ce a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ta ce firjinta idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, sai ta ji ya yi gurnani kaɗan, ya yi ƙas, ya yi shiru, bayan ɗan lokaci ya sake. Ta ƙara da cewa ƙanƙara kan cika ɗakin sama har ƙofa ta ƙi rufuwa, sai ta sa wuƙa ta ɓanɓare.

Hajiya, bari in fara da wuƙar, don ita ta fi tayar mini da hankali. Don Allah ki aje ta. Wannan farantin da ƙanƙara ke mannewa a kai, a cikinsa akwai siraran hanyoyi da gas ke bi, kuma alminiyon ne mai laushi. Tsinin wuƙa sau ɗaya ya isa. Na taɓa tsayawa a kan wani firji a gidan maƙwabcina, yarinya na ɓanɓarar ƙanƙara sai muka ji fiii kamar an sace taya, cikin minti kaɗan gas ya tafi, kuma firjin bai cika shekara da saye ba. Bayan asara akwai haɗari. Ki duba takardar da ke manne a jikin kwamfireso, wannan baƙin tulun da ke baya ta ƙasa. In kin ga an rubuta R600a, wannan gas ɗin yana kama wuta, kuma yawancin sababbin firji shi ake sa musu. Hanya mai sauƙi ita ce ki zare filogi, ki kwashe kaya, ki bar ƙofa a buɗe, ki sa kwanon ruwan zafi a ciki. Ƙanƙarar da kanta za ta saki ta faɗo.

Amma me ya sa take taruwa da sauri haka? Galibi robar bakin ƙofa ce ta saki, iska mai ɗumi na shiga. Ki sa takarda a bakin ƙofar ki rufe, ki ja. In ta zare salin-alin ba tare da kin ji an riƙe ta ba, robar ba ta kamawa a wurin. Ki wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, sau da yawa maiƙo ne da datti. In ta tsage sai a canza.

Shi kuma ƙas ɗin da kike ji, ba lalacewa ba ce tukuna. Lokacin da kwamfireso ke aiki, gas na matse a gefe ɗaya. In wuta ta ɗauke ta dawo nan take, yana ƙoƙarin tashi ne da kaya a kansa, sai ya kasa, ya yi zafi, wani ɗan abin kariya da ke jikinsa ya yanke wutar. Shi ne ƙarar. In ana yawan maimaita haka, wata rana kwamfireson zai ƙone. Saboda haka da an ɗauke wuta ki kashe soket, in ta dawo ki jira kamar minti 5 kafin ki kunna. Akwai sitabilaiza da ƙananan na'urorin kariya masu yin wannan jinkirin da kansu, kuma sun cancanci kuɗinsu. In kuwa ko bayan jiran yana ci gaba da ƙas-ƙas, to ko wutar ta yi rauni, ko rilen da ke tayar da shi ya mutu, sai a kira mai gyara. Ki kuma janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu, ki share ƙurar bayansa, musamman bayan hunturu.

Wani ɗalibi daga Gusau ya tambaya a taƙaice: fankar silin ɗinsu ta rage gudu, wani lokaci sai an tura ta da sanda. Ɗana, wannan kusan kullum kwandansa ce, wani ɗan abu fari ko baƙi mai wayoyi biyu da ke saman fankar. Ka kashe wutar gidan daga babban makunni, kada ka tsaya a na bango kawai. Ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke da wayarka kafin ka kwance, ka kai tsohuwar kasuwa a ba ka mai lamba iri ɗaya, yawanci 2.5 ake rubutawa. In ka juya fankar da hannu ka ji tana ƙara ko tana tauri, wannan kuma boris ne.

Sai wani magidanci daga Kumasi a Ghana, wanda ya ce maikurowef ɗinsa na kunnuwa, faranti na juyawa, amma abinci ba ya zafi, yana so in gaya masa abin da zai duba in ya kwance bayansa. Alhaji, ka yi mini haƙuri, wannan ba zan koyar da shi ta rediyo ba. A cikinsa akwai kwandansa mai ɗaukar wuta ta kimanin bolt 2,000, kuma tana iya riƙe ta ko bayan an zare filogi. Ta kashe mutane, har da masu gyara. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ka kai wa wanda ya san yadda ake sauke wutar.

Wasiƙar da zan daɗe a kanta ita ce ta wani mai shagon aski daga Birnin Kebbi. Ya ce ƙaramin janaretansa, irin mai lamba 950 ɗin nan, yana yawan hayaƙi yana kuma cin fulogi. Ya ce saboda ɓarayi yakan shigo da shi cikin shago da dare ya ja ƙofa, kuma kwanan nan yana fama da ciwon kai da jiri.

Ɗan'uwa, gyaran janaretan mai sauƙi ne. Wannan injin ba shi da wurin baƙin mai daban, ana haɗa man ne da fetur. A yawancinsu ma'aunin kashi 1 ne na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, amma ka duba abin da aka rubuta a kan tankin naka. Mutane kan tuttula da ido, wasu ma tsohon baƙin man mota suke zubawa. Shi ke kawo hayaƙi, shi ke sa fulogi ya yi baƙi ya jiƙe. Ka nemi man da aka rubuta 2T a jikinsa, ka auna da sirinji. Ka cire fulogin ka goge bakinsa da buroshin ƙarfe, ka wanke soson matatar iska, ka bar shi ya bushe. Kada ka ƙara fetur yana aiki ko yana da zafi.

Ciwon kan nan kuwa, shi ne ainihin abin da ke cikin wasiƙarka, ko da yake a ƙarshe ka sa shi. Hayaƙin da kake gani ba shi ne mai kisa ba. A tare da shi akwai wata iska da ake kira kabon monokzayid, ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita, ninki sama da 200. Mutum zai fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai barci ya ɗauke shi. Sau nawa muka ji an wayi gari an fasa ƙofa an tarar da iyali gaba ɗaya sun rasu, janareta na zaure ko a kicin? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da kake ji alama ce cewa ta riga ta fara shigarka. Daga daren yau, janaretan nan waje. Buɗe taga ba ya wadatarwa. Masana lafiya suna ba da shawarar a nisanta shi da ƙofa da taga kamar mita 6, bakin salansa na kallon wani gefe. Batun ɓarayi gaskiya ne, ban raina shi ba, amma mai walda zai yi maka kejin ƙarfe mai kwaɗo a ɗaure shi da sarƙa a waje, iska na ratsa shi ta ko'ina. Kuma ka je asibiti ka gaya musu ainihin abin da ka shaƙa. In wani ya taɓa faɗuwa a irin wannan hali, a fitar da shi sarari nan take a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya ba shi madara ko manja.

Saura minti biyu, ga wata gajeruwa daga Agadas: mota ta yi zafi a hanya, a buɗe lagireto a zuba ruwa? A'a, Malam, sai ta huce. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan tukunya, da ka murɗa murfin zai yi tsiri ya watso maka a fuska da ƙirji. Na ga yaron gareji da fatar hannunsa ta saluɓe tun daga wuyan hannu har gwiwa a kan haka. Ka faka a inuwa, ka kashe inji, ka ɗaga bonet, ka ba ta aƙalla rabin awa. Ka taɓa babban tiyon sama, in ya yi laushi ya huce, sai ka ɗora tsumma mai kauri a kan murfin ka murɗa a hankali.

Akwai wasiƙa daga Garwa a Kamaru kan dutsen guga mai jan mutum, da wata daga Kano kan famfon borehol da ke tsayawa. Da su za mu buɗe a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wanda ya aiko ta dutsen gugar, kafin nan ka daina amfani da shi. A huta lafiya.