Daga Ina Alhudahuda Ya Samo Sunansa?

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Yau a kan tsuntsu ɗaya za mu tsaya, alhudahuda. Kun san shi: mai tukku a ka, fukafukai zanen baƙi da fari, baki dogo siriri. Da ya sauka sai ya baje tukkun nan kamar mafici, ya shiga caccakar ƙasa yana neman tsutsa. Ganin haka wani zai ɗauka sunan daga "huda" ya fito, wai mai huda ƙasa. Zancen da daɗin ji, amma ba nan gizo ke saƙa ba.

Kalmar ta Larabawa ce, hudhud, kuma duk wanda ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo ya biya ta. A Suratun Namli, aya ta 20, Annabi Sulaimanu, alaihis salam, ya binciki tsuntsaye bai ga hudhud ba, sai ga shi ya dawo da labarin sarauniyar Saba'i. Ina ganin nan ne tushen kirarin da ake yi masa, malamin tsuntsaye.

To ku lura da abin da bakin Bahaushe ya yi wa kalmar. "Al" ɗin da Balarabe ke maƙalawa a gaban suna yana cirewa in ya so, mu haɗiye shi muka yi gaba ɗaya, kamar yadda muka yi a alƙali, albasa da aljihu. Sannan harshenmu ba ya son kalma ta ƙare da baƙi irin "d", sai ya liƙa wasali: hud ya koma huda, hud na biyu ma haka. Ku faɗa a hankali ku ji. Al-huda-huda.

Shi kuma Balarabe a ina ya samo? A bakin tsuntsun. Kukansa ke nan, "hup-hup-hup", a tausashe, sau biyu ko uku, ya yi shiru, ya sake. Larabawa kunnensu ya ji "hud". Rumawa da suka saurari kukan nan suka ce upupa, Girkawa suka ce epops. A 1758 masanin nan ɗan Suwidin, Linnaeus, ya haɗa biyun ya raɗa masa sunan kimiyya, Upupa epops.

Malam na ga ka ɗaga hannu. Bari in kurɓi ruwa tukuna.