Wa Ke Magana da Yawun Makaranta?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Yau sharhinmu zai leƙa manyan makarantunmu ne, mu ga yadda suke magana da ɗalibai da iyaye a wannan zamani da labari ke kwana a aljihun kowa.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Ana cikin wani dogon yajin aiki, 'yar yayana da ke karatu a wata babbar makaranta, wadda ba zan kama sunanta ba, ta ga takarda a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Takarda tsaf, ga tambarin makaranta a sama, ga sa hannun magatakarda a ƙasa, wai kowa ya dawo ranar Litinin, wanda ya makara da rajista zai biya tara. Mahaifinta ya ɗaga buhun masara ya kai kasuwa, uwarta ta ƙulla mata gari da yaji da ƙuli-ƙuli, ta hau mota daga Misau tun da sassafe. Da ta isa sai ta iske ɗakin kwanan ɗalibai da ƙaton kwaɗo. Maigadi ya dubi jakarta ya ce, "'Yata, ke ma takardar nan ce ta kawo ki? Tun safe nake mayar da irinku." Ashe wani ne ya ɗauko tsohuwar sanarwa ya sauya mata kwanan wata. Makarantar ta ƙaryata, ba a ce ba ta yi ba. Amma sai bayan kwana uku, kuma a takardar da aka liƙa a allon sanarwa na cikin harabar da babu ɗalibi ko ɗaya.

A da, wannan allon ya wadatar. Lokacin da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Bauchi a 1979, da jami'ar fasaha a 1980, wadda ta koma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988, labarin makaranta ƙofa ɗaya yake bi. Jami'in hulɗa da jama'a ya rubuta, shugaba ya sa hannu, a kawo gidan rediyo mu karanta, a miƙa wa wakilan jaridu. Hulɗa da jama'a sana'a ce mai tsari, har da cibiyarta ta ƙasa, NIPR, wadda ta samo asali tun 1963, doka ta ba ta ikon kula da sana'ar a 1990. Sai wayar salula ta shigo a 2001, ƙofofin suka yi yawa. Abin lura kuma, Facebook ɗin nan da wasu shugabannin makarantu ke yi wa kallon wasan yara, a ɗakin kwanan ɗalibai aka haife shi, a Jami'ar Harvard ta Amurka, a 2004. Tun asali filin ɗalibai ne. Hukumar makaranta baƙuwa ce a can, kuma ta zo a makare.

To, da ta zo, me take yi? Ku buɗe shafukan makarantu da yawa ku gani. Hoton shugaba yana karɓar baƙi. Hoton shugaba yana miƙa kambun girmamawa. Hoton shugaba ya kai gaisuwa fada. A ƙarƙashin hoton kuwa ɗalibai ne ke ta tambaya: yaushe sakamako zai fito, me ya sa shafin biyan kuɗi ya ƙi buɗewa, gaskiya ne an ƙara kuɗin rajista? Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Ai sunan aikin ma hulɗa, kuma ba a hulɗa da baki ɗaya. Duk tambayar da ofis ya ƙi amsawa, akwai wanda zai amsa ta a zauren WhatsApp, ko da abin da ya sani ko da abin da ya ƙirƙira.

A cikin wannan shirun ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu. Su buɗe shafi da hoton shugaban makaranta, su ce akwai gurbin karatu, a turo kuɗi ta wannan asusun. Alhali tun 2017 hukumar JAMB ta mayar da harkar ba da gurbi kan tsarinta na CAPS, inda ɗalibi ke shiga da kansa ya ga ko an ɗauke shi. Uban da ke Ningi ko Dass, wanda ɗansa ne na farko da ya kai wannan mataki a zuriyarsu, wa ya taɓa zama ya yi masa wannan bayani da Hausa? Ga bashin karatu na NELFUND da aka fara nema a 2024, shi ma sabon fili ne ga mai son cutar wanda bai sani ba.

Maganar harshe kuwa ina so in ɗan tsaya a kanta. Sanarwar makaranta takan fito da Turancin ofis, irin wanda ɗalibin ma sai ya karanta sau biyu. Amma ba ɗalibi ke biyan kuɗin ba. Mai biya yana gona, ko yana kasuwar Muda Lawal, ko tana gida tana adashi. Wayar da ke hannunsu tana ɗaukar murya. Minti ɗaya na saƙon murya da Hausa, wani da Fulatanci, daga bakin jami'in da aka san muryarsa, yana faɗin ranar komawa da adadin kuɗi da sunan asusun da aka yarda da shi, ya fi shafi uku na Turanci amfani. Kuma bai kai kuɗin lemon da ake raba wa baƙi a taron manema labarai ba.

Ba ina cewa makaranta ta kwashe kayanta ta tare a Facebook ba ne. Rumfar haya ce, mai ita yana wata ƙasa. Mun gani a watan Yunin 2021 da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, aka yi wata bakwai sai a Janairun 2022 aka buɗe. Duk wanda ya mayar da nan ne kaɗai bakinsa, ya wayi gari bebe. Gidan makaranta shi ne shafinta na intanet, mai adireshin da ya ƙare da edu.ng. Can ya kamata kowace sanarwa ta fara sauka, da lambarta da kwanan watanta, ta zauna inda za a iya komawa a duba. Facebook da WhatsApp su zama sankira, su yi shela su nuna hanyar gida. Kayan aikin ma ba tsada gare su ba; manhajar WordPress, da ake gina irin waɗannan shafuka da ita tun 2003, kyauta ce.

Malamai ma sun ɗanɗana a 2020, da annobar korona ta rufe makarantu. Wasu sun koma tura darasi ta murya, suka ci karo da tsadar data da rashin wuta. Abin da ya saura daga wancan lokacin shi ne, wakilin aji ya zama ƙaramin magatakarda, in wayarsa ta mutu ajin duka ya shiga duhu. Akwai kuma ɗabi'ar ɗaukar hoton takardar sakamako, da sunaye da lambobi, a watsa a zaure. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, ya kamata a tuna da ita.

Ɗalibai, ku ma da naku. WhatsApp yakan sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu. In kun gan ta a kan takardar da aka ce daga ofishin magatakarda take, ku dakata ku bincika kafin baba ya ɗaga buhu.

Daga baya na tambayi wani ma'aikacin waccan makarantar, don me ba su ƙaryata takardar a shafinsu na Facebook tun ranar farko ba? Ya yi dariya ya ce, "Malam, wanne daga ciki?" Ashe shafuka uku ne ke ɗauke da sunan makarantar. Na ainihin, wani ɗan bautar ƙasa ne ya buɗe musu, ya gama shekararsa ya koma garinsu da kalmar sirrin, kuma layin wayarsa ya daina shiga.