Lacca: Tsohuwar laftof mai ɗaukewa ba zato, daga ina ake fara bincike?

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Maganar yau a kan tsohuwar laftof ce da ke ɗaukewa ɗif ana cikin aiki, ba sallama, ba gargaɗi. Roƙona na farko ga masu gyara da masu koyo shi ne ku ajiye sukundireba tukuna. Yadda na'urar ta mutu shi ke nuna inda ciwon yake, don haka tambaya ta riga kwancewa. A tambayi mai ita: bayan minti nawa take ɗaukewa? A kan batir ne ko da caja a jiki? In an taɓa waya ko an ɗaga ta ne? Tana tashi nan take in an danna, ko sai ta huce?

Ku kuma bambance mutuwa da barci. Wadda fuskarta ta yi duhu amma fitila na ƙiftawa, fanka na juyawa, ba wuta ta rasa ba, matsalarta daban. In tana kan Windows, a buɗe Event Viewer a duba rajistar System. Lamba 41 ta Kernel-Power, da lamba 6008, shaida ce cewa na'urar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Ba za su faɗa muku dalili ba, lokaci kawai za su ba ku, amma lokacin ma riba ne.

Mu fara daga waje, wato caja. A jikinta an rubuta abin da take fitarwa: yawanci bolt 19, ko 19.5 a na Dell da HP, ko 20 a na Lenovo. Caja mai wat 65 a bolt 19 tana ba da amfiya 3.42, mai wat 90 kuma 4.74. Ɗora mitar awon wuta a bakinta, a ga ko lambar bolt ta yi daidai, sannan a riƙa lanƙwasa wayar a hankali, musamman wajen wuyan fulogi da inda ta fito daga jikin cajar. In lamba ta yi tsalle, waya ta karye daga ciki. Amma ku lura, caja na iya nuna bolt 19 cif ba kaya a kanta, sai an ɗora mata aiki ta durƙushe, saboda kafasitocin cikinta, wato sassan da ke tara wuta, sun tsufa. Mita ba za ta kama wannan ba. Gwajin da ya fi shi ne a sa wata cajar da aka tabbatar da lafiyarta, mai bolt iri ɗaya da wat daidai ko sama. Na'urar da ke son wat 90 aka ba ta 65, za ta lallaɓa a aiki mai sauƙi, ta faɗi a mai nauyi, musamman in batir ba ya tallafa mata. Cajojin Dell da HP masu faffaɗan baki suna da siririyar allura a tsakiya, ba wuta take kaiwa ba, ita ke gabatar da cajar ga na'ura. In ta karye, za a ga batir ya ƙi caji ko na'urar ta yi sanyin aiki. Kada bakin mita ya haɗa ta da gefe lokacin awo.

Daga nan sai batir. Tsofaffin laftof sun sauƙaƙa mana, batirinsu a waje yake. Cire shi, cire caja, danna maɓallin kunnawa ka riƙe daƙiƙa 30, sannan mayar da caja kaɗai ka kunna. In ta yi aiki awa guda lafiya, batir ne abin zargi. A cikin irin wannan batir akwai ƙwayoyin 18650, kowace bolt 3.6 ko 3.7, a cike 4.2. Uku a jere ne ke ba da 10.8 ko 11.1 da kuke gani a rubuce. Ƙwaya ɗaya in ta gaji, da an ja wuta da ƙarfi sai ƙarfinta ya zube, allon kariya na cikin batir ya yanke gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ga ana nuna saura kashi 40, na'ura ta mutu. Daga Windows 8 zuwa sama, umarnin powercfg /batteryreport zai kawo maka ƙarfin batir na asali da wanda ya rage masa. In ya sauka ƙasa da rabi, a canza shi. Wanda ya kumbura kuwa ba a gwaji da shi, ba a matsa shi, ba a huda shi, domin yana iya kama wuta.

In akasin haka ne, tana aiki a batir amma da caja tana yankewa in an motsa fulogi, to ramin caja ne. Ko dai dalmar ƙafafunsa ta tsage, ko bakin ya buɗe. Wanda ke da 'yar wayarsa zuwa bod, wato babban allon na'urar, musanya shi kawai ake yi. Wanda aka dasa a bod sai an zuƙe tsohuwar dalma an sa sabuwa. Ɗora sabuwa a kan tsohuwa gyara ne da ba ya daɗewa.

Yanzu ga wanda ya fi kowanne yawa a tsohuwar na'ura: zafi. Alamarsa ba ta ɓuya. Tana tashi lafiya da sanyin jiki, bayan minti goma ko ashirin fanka ta hau kuka, sai ɗif. In ka sake kunnawa nan take, kafin ta kai rabin wancan lokacin za ta sake mutuwa. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ce ke kare kanta. Yawancin na Intel na laftof iyakarsu digiri 100 zuwa 105 a ma'aunin Selsiyos. Kafin nan takan rage gudu, in abin ya ƙi ta yanke wuta. Sa manhaja irin Core Temp ko HWMonitor ka zuba ido. Na'urar da ba ta komai tana nuna 70 ko 80, an gama magana.

Kai hannu wajen da iska ke fita. Fanka na ihu amma iska ba ta fitowa? Ƙura ce ta daskare tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen sanyaya, ta zama kamar ɗan bargo, in ka kama ta da hantsaki gaba ɗayanta take tasowa. Hura iska daga waje ba ya fitar da ita, cusa ta ciki yake yi. Sai an buɗe. Cire batir da caja, taɓa ƙarfe don sauke wutar jikinka, jera sukurori yadda ka kwance su domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda bod. Riƙe fanka da yatsa lokacin hura iska, kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta.

Sai man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya. Bayan shekaru yakan bushe ya farfashe, zafi ya daina wucewa. Goge shi da sifirit na isofurofil mai kashi 90 ko sama, da ƙyalle marar gashi, har fuskar ta yi sheƙi. Sabon man kamar ƙwayar shinkafa ya isa, yawansa ba ya ƙara sanyi. Sukurorin ƙarfen suna da lamba 1, 2, 3, 4 a gefensu. A bi lambar, ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan, don ya zauna daidai. 'Yan katifun roba masu laushi da ke kan wasu sassa a mayar da su, ko a sa masu kauri iri ɗaya. Wasu suna cire su su shafa mai a wurin, alhali mai ba ya cike wannan tazara. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: bututun jan ƙarfe shi ma yana mutuwa. Akwai ɗan ruwa a cikinsa da ke ɗaukar zafi zuwa wajen fanka. In bakinsa na kan furosesa ya yi zafi ƙwarai, ɗaya bakin kuma da sanyi, ruwan ya tsere, sai sabo.

Wani ɗan'uwa daga baya yana tambaya ko ram, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, na kawo wannan. Yakan kawo, amma galibi daskarewa yake jawowa, ko shuɗiyar fuska, ko sake tashi da kanta. Duk da haka gwajin ba shi da wuya: zare, goge haƙoran, gwada ɗaya-ɗaya, a bar MemTest86, manhajar gwajin ram, ta zagaya. Ɗan batirin CR2032 mai bolt 3 da ke riƙe agogon na'urar shi ma a auna shi, ko da yake nasa laifin ya fi zama ɓatan kwanan wata da ƙin tashi.

In duk wannan ya wuce lafiya, mun iso bod, kuma nan ba wurin mai koyo ba ne shi kaɗai. Bi wutar daga ramin caja: bolt 19 ta wuce fiyus in akwai, ta wuce mosfet biyun farko, wato 'yan sassan da ke buɗe wa wuta hanya ko rufe ta, ta isa babban layi? Sannan a nemi bolt 3.3 da 5, waɗanda a yawancin bod suna nan tun kafin a danna maɓalli. In fitilar caja na mutuwa da zarar an soka ta, akwai shot, wato haɗewar wuta, a babban layi, kuma sau da yawa 'yar kafasitar seramik ce guda ta ƙone. A cire wuta, a auna juriya (om) tsakanin layin da ƙasa, wato layin GND na bod. In ya kusa sifiri, a ba shi bolt 1 daga injin ba da wuta na tebur, amfiya a taƙaice, a zuba ɗan sifirit. Inda ya fara bushewa nan ne mai laifin. Kada a wuce bolt 1, domin in mosfet ne ya haɗe, abin da ka tura kai tsaye zai shiga furosesa.

Akwai kuma wadda ke mutuwa in an ɗaga ta ta kusurwa ɗaya ko an danna gefen kibod. Wannan dalma ce ta tsage a ƙarƙashin babban cif. Laftof na wajejen 2007 da 2008 masu cif ɗin hoto na Nvidia, jerin 8400M da 8600M, sun yi suna a makamancin wannan ciwo. Gasa cif da bindigar zafi kan tashe ta na ɗan lokaci, sannan ta koma. Ni ban ɗauki wannan gyara ba, kuma wanda zai yi shi ya gaya wa mai na'ura gaskiya tun farko. A irin wannan hali a fara zare hadis, wato ma'ajiyar fayilolin na'urar, a kwafe bayanan mai ita, sannan a zauna a duba ko akwai bod irin nata daga wata matacciyar na'urar. A daidaita su da lambar da aka buga a jikin bod ɗin, domin samfuri ɗaya kan zo da bod iri biyu ko uku.