Sharhi: Me Ya Sa Masoya Final Fantasy Ba Sa Ga Maciji da Juna?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Japan, kan wani wasan bidiyo da ake kira Final Fantasy, da cacar bakin da masoyansa suka shafe shekara da shekaru suna yi a tsakaninsu.

Na san da yawanmu in aka ce PlayStation, ƙwallo ce ke fara faɗo mana a rai, don ita aka fi bugawa a gidajen gem na unguwa. To wannan daban yake. Labari ne mai tsawo wanda kai da kanka za ka shiga ciki: ka riƙe jarumi da abokan tafiyarsa, ku ratsa garuruwa da dazuzzuka, ku gwabza da dodanni, ku tara kuɗi ku sayi takobi da sulke, ƙarfinku yana ƙaruwa har ku ga ƙarshen labari. Wasa ɗaya kan ci wa mutum sa'o'i 40 ko fiye.

Kamfanin Square ne ya fitar da na farko ranar 18 ga Disamba, 1987, a kan na'urar Famicom ta Nintendo. Hironobu Sakaguchi ne ya jagoranci aikin, Nobuo Uematsu ya tsara kiɗan. A 2003 Square ya haɗe da abokin hamayyarsa Enix suka zama Square Enix, a 2023 kuma aka fitar da na 16. Abin lura shi ne, kowace lamba sabuwar duniya ce da sababbin mutane. Wanda ka sani a na shida ba za ka gan shi a na bakwai ba. Abubuwan da suke maimaituwa kaɗan ne: wani ƙaton tsuntsu ruwan ɗorawa da ake hawa, mai suna chocobo, wani mutum da kusan kullum sunansa Cid, da sunayen sihirin da ake jifan abokan gaba da su. Sauran kuwa a rushe a sake gini. Daga nan rigimar ta samo asali, don kowa yana riƙe da wanda ya shiga ransa, yana cewa nasa ne na asali.

Tsofaffin hannu, waɗanda suka taso da Super Nintendo, na shida suke ɗauka, wanda ya fito a 1994. Hujjarsu ita ce jarumai 14 ne a ciki, kusan kowa da nasa baƙin cikin, kuma mugun labarin, Kefka, ya yi abin da mugaye ba su saba yi ba: a tsakiyar wasa ya ci nasara, ya ruguza duniya, aka bar ka kana yawo kana neman abokanka ɗaya bayan ɗaya a cikin kango. Amma rundunar da ta fi kowace yawa ta na bakwai ce. Ya fito a 1997 a kan PlayStation, cikin faifai uku, kuma shi ne na farko a jerin masu lamba da aka kai kasuwannin Turai, saboda haka ga miliyoyin mutane shi ne ƙofar shiga.

Bari in ɗan tsaya a kan na bakwai, don wanda bai fahimci abin da ya yi wa mutane ba, ba zai fahimci zafin rigimar ba. Akwai wata yarinya mai sayar da furanni, Aerith, wadda ɗan wasa ya shafe sa'o'i yana tafiya da ita, yana saya mata makami, yana dogaro da ita wajen warkar da 'yan tawaga in sun ji rauni. Gab da ƙarshen faifai na farko sai a same ta a durƙushe tana addu'a a wani tsohon birni da ba kowa. Ta ɗago kai ta yi murmushi. Sai mugun labarin, Sephiroth, ya diro daga sama da doguwar takobinsa ya soke ta ta baya. Wani ɗan farin dutse da ke ɗaure a gashinta ya suɓuce, yana tsalle daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi har ya faɗa ruwa, kiɗan Uematsu yana tashi a hankali. Shi ke nan, ba ta dawowa. Yara a Amurka da Turai da Japan sun yi shekaru suna yaɗa jita-jitar cewa akwai ɓoyayyar hanyar tayar da ita, alhali babu. Wanda wannan ya same shi yana ɗan shekara 12, ka zo yau ka ce masa wasansa ba komai ba ne, ai ka san faɗa ka nema.

Daga nan kusan kowane sabon fitowa da nasa ƙorafin. Na takwas, an ce tsarin zuƙo sihiri daga jikin dodanni ya cika wahala. Na tara, wasu sun raina shi don mutanen cikinsa gajeru ne masu manyan kawuna, ko da yake yau yana cikin waɗanda aka fi ƙauna. Na 12, a 2006, an ce wasan ne ke buga kansa, don kana iya tsara wa 'yan tawaga umarni ka koma gefe. Na 13 kuwa ya sha suka iya suka: hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, ba kasuwannin da za ka zaga, ba ka samun sakewa sai ka haura sa'o'i 20.

Sai dai babbar ɓarakar yau a kan salon faɗa take. A tsohon tsari, wato tsarin bi da bi, mutanenka suna jere a gefe ɗaya, dodanni a ɗaya gefen. In layi ya zo kan ɗaya daga cikinsu, ka zaɓa masa abin yi daga ɗan akwatin rubutu: ya kai sara, ya jefa wuta, ko ya ba ɗan'uwansa magani. Sannan abokin gaba ya yi nasa. A na huɗu, 1991, Hiroyuki Ito ya ƙara wani ma'aunin lokaci da ke cika a hankali, don kada ka yi ta dogon tunani, amma dai ginshiƙin bai canza ba. Sabon tsari kuwa, musamman na 16, hannunka ne a kan madanni ba ƙaƙƙautawa: sara, kauce, tsalle, rama. Mutum ɗaya kake riƙe da shi, Clive, sauran abokan tafiya kansu suke ja. Don tsara wannan faɗa har Ryota Suzuki aka ɗauko, wanda ya yi wa kamfanin Capcom aiki a kan Devil May Cry 5. In kuna son ku gane bambancin, na da kamar dara yake, ka zauna ka yi lissafi kafin ka ajiye. Na yanzu kuwa dambe ne, saurin hannu da ido.

Naoki Yoshida, wanda ya jagoranci na 16, bai ɓoye dalilinsa ba. A hirar da mujallar Famitsu ta yi da shi a 2022, ya ce shi ma da tsarin bi da bi ya taso kuma ya san daɗinsa, amma matasa da yawa ba sa ganin ma'anar tsayawa zaɓen umarni a tsakiyar faɗa, kuma dole ya duba yawan abin da za a sayar. A nan, gaskiya, ina tare da masu ƙorafi. Shekarar da na 16 ya fito, ita ce shekarar da Baldur's Gate 3, wasan bi da bi tsantsa, ya lashe kambun gwarzon shekara. A Afrilun 2025 wani ƙaramin kamfani a birnin Montpellier na Faransa, Sandfall Interactive, ya fitar da Clair Obscur: Expedition 33. Masu shi sun faɗa da bakinsu cewa tsofaffin Final Fantasy ne suka koya musu, kuma cikin kwana 33 aka sayar da kwafi miliyan 3.3. Ashe kasuwar tana nan da ranta. Shi kuwa na 16, duk da ya sayar da miliyan 3 a makon farko, daga baya shugabannin Square Enix sun amsa cewa ribar ba ta kai yadda suka sa rai ba. Adalci dai shi ne a faɗa cewa a kan PlayStation 5 kaɗai aka fara fitar da shi, don haka ba za a ɗora wa salon faɗa laifin duka ba.

Inda na rabu da masu ƙorafi shi ne inda suke cewa wanda yake son na 15 ko na 16 ba masoyi na gaskiya ba ne. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana da ciwo. Yaron da ya fara da Clive, ya zubar da hawaye kan labarinsa da ƙanensa Joshua, hawayensa bai fi na wanda ya yi kukan Aerith arha ba. Kuma masu kare na bakwai su tuna cewa a 1997 su aka yi wa irin wannan gori, aka ce sun zo da jiragen ƙasa da bindigogi da kamfanin lantarki sun ɓata wasan fadoji da takubba.

Ni a ganina, ba a kan salon faɗa gizo ke saƙa ba. Ku dubi shekarun nan. Na bakwai 1997, na takwas 1999, na tara 2000, na goma 2001. Manyan wasanni huɗu cikin shekara biyar, kowanne da kamanninsa. Wanda na takwas bai yi masa ba, shekara ɗaya da 'yan watanni ya jira aka ba shi na tara. Ba wanda ya ɗauki canji da zafi sosai a lokacin, don ya san wani yana tafe. Yanzu fa? In aka cire na 14 da ake bugawa ta intanet, na 13 ya fito a ƙarshen 2009, na 15 a 2016, bayan an yi shekara goma ana jiransa tun sanarwar farko a 2006 da wani suna daban, na 16 kuma a 2023. Shekara bakwai bakwai ke nan. Yaron da yake ɗan shekara 13 lokacin na 13, yana da 27 lokacin na 16, wataƙila ma da iyali. In ka yi wannan dogon jira sannan aka miƙo maka abin da ba naka ba, ba wasa ɗaya ka rasa ba, ƙuruciyarka ce ta wuce ba a ba ka rabonka ba. Shi ya sa muryoyi suke tashi, shi ya sa kowa yake jin in bai yi ihu ba za a manta da shi. Kuɗin da ake zubawa kuma ya yi yawan da kamfanin ba ya iya kasada: wasa ɗaya ake so ya gamsar da kowa, tsoho da yaro, ɗan Tokyo da ɗan Landan.

Kamfanin kuwa ya taɓa nuna cewa ya iya saurare. Na 14, wanda ake bugawa tare da dubban mutane ta intanet, ya fito a 2010 a lalace, 'yan wasa suka watse. Aka kira Yoshida ɗin nan aka damƙa masa. Ya riƙa rubuta wa 'yan wasa wasiƙu a fili, yana zama da su kai tsaye yana amsa tambayoyi. A Nuwamban 2012 aka rufe tsohuwar duniyar ta hanyar da har yau ake ba da labari: wani jan wata ya yi ta matsowa a sararin samaniyar wasan tsawon watanni, 'yan wasan da suka rage suka taru suna kallonsa, ya fashe, ƙaton dodo Bahamut ya fito ya ƙone ƙasar. A Agustan 2013 aka buɗe sabuwa. Ta karɓu har ta kai a Disambar 2021 sai da kamfanin ya dakatar da sayar da wasan na ɗan lokaci, don na'urorinsa sun kasa ɗaukar cunkoso. Mutumin da ya yi wannan aiki ya cancanci a yi masa uzuri, amma kuma shi ya fi kowa sanin cewa ƙorafin masoya ba surutu ba ne kawai.

Sabunta na bakwai da ake yi yanzu ya ƙara fito da matsalar fili. An raba labarin gida uku. Kashi na farko ya fito a Afrilun 2020, na biyu a ƙarshen Fabrairun 2024. Faɗan ciki ya haɗa salon biyu, kana sara da hannunka, ma'auni ya cika ka dakata ka zaɓi umarni, kuma kana sauya mutum a cikin tawaga yadda kake so. Wannan ya sami yabo daga ɓangarorin biyu, abin da ke nuna cewa sulhu mai yiwuwa ne. Amma an taɓa labarin, an shigo da zancen ƙaddara da duniyoyi masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, har kashi na biyu ya ƙare a wurin addu'ar Aerith ta yadda mutane suka tashi suna gardamar ta mutu ko ba ta mutu ba. Wasu sun ce wannan jarumta ce, wasu sun ce an rage wa mutuwar nauyi. Ni ina cikin na biyun. Kuma labarin da aka ba mutane dunƙule a faifai uku rana ɗaya, yanzu shekaru huɗu ake jira tsakanin kashi da kashi.

Abin da nake so in gani daga Square Enix bai fi ƙarfinsa ba. Yana da ƙananan tawagogi da suka fitar da Bravely Default da Octopath Traveler a kan tsohon tsari, yana da Dragon Quest da bai taɓa barin bi da bi ba a manyan fitowarsa na gida. A ba irin waɗannan tawagogi babban sunan. A rage girman wasa, a rage kuɗin da ake kashewa wajen zana kowane silin gashi, a riƙa fitar da mai lamba duk shekara uku: wannan na masu lissafi, mai bi masa na masu saurin hannu, kowanne da cikakkiyar tawagar da ɗan wasa zai riƙe da hannunsa.

Na gode da saurare, a huta lafiya.