Jitar Al Di Meola da Tangon Piazzolla

Bashir: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun makon jiya saƙonninku ke ta shigowa kan Al Di Meola, makaɗin jita ɗan Amurka, da tango, kiɗan rawa na ƙasar Ajantina. Wasu sun ce ya ɓata kiɗan Astor Piazzolla, mai tsara kiɗan tango ɗan Ajantina, wasu sun ce ba don shi ba da ba su taɓa jin sunan Piazzolla ba.

Hauwa: Ni ina cikin na biyun, Yaya Bashir.

Sani: Ni kuwa saurin kiɗan Di Meola ne ke damuna. Tango ba tsere ba ne.

Bashir: Malam Sani, tsaya tukuna. Di Meola da Piazzolla fa sun san juna. A Japan suka haɗu a 1985, abota ta ƙullu har Piazzolla ya rasu a 1992. Kuma ka tuna daga inda Di Meola ya fito. Yana ɗan shekara 19 makaɗin piyano Chick Corea ya ɗauke shi a ƙungiyarsa ta kiɗan jaz, Return to Forever, a 1974, da jitar lantarki mai tsage kunne. Mutumin da duniya ta sani da wannan ya ajiye ta, ya ɗauki ta katako marar lantarki, ya fitar da faifan World Sinfonia a 1991. Wa ke riƙe da bandoniyon, kayan kiɗan tango mai maɓallai da ake ja ana turawa kamar zuga-zugi, a ciki? Dino Saluzzi, ɗan Ajantina. Wanda ya zo da raini ba zai nemo Saluzzi ba.

Sani: Ban ce raini ba.

Bashir: Na ji. Amma abin da kake kira sauri, ni dole nake kiransa. Bandoniyon yana numfashi. Piazzolla zai ja sauti ɗaya ya riƙe shi, ya ƙara masa ƙarfi a tsakiya, ya sake shi sannu a hankali. Tsirkiyar jita kuwa kana taɓa ta sautin ya fara mutuwa. Kamar ka ba mai gurmi waƙar mai goge ne. To me Di Meola zai yi da wannan gurbin? Sai ya cike shi da kiɗa. Yana danne tsirkiyoyin da gefen tafin hannunsa, su riƙa fita a bushe kamar ganga, ya riƙa jinkirta bugu ko ya riga shi. Wannan tsarin bugun na Piazzolla da ake ƙirgawa uku-uku-biyu, a hannunsa yake fitowa fili.

Hauwa: Bandoniyon ɗin nan ma, kun san maɓallansa 71 ne?

Sani: Haba Hauwa!

Hauwa: Wallahi. 38 a dama, 33 a hagu. Kuma yawancinsu sautin da suke bayarwa in ka ja daban ne da na in ka tura.

Sani: Wato maɓalli ɗaya, baki biyu.

Hauwa: Baki biyu! Kuma ba a jere suke ba, haddace su ake yi.

Bashir: Jamusawa ne suka ƙera shi, ya bi jirgin ruwa zuwa Buenos Aires.

Sani: Suka ƙera, suka bar wa 'yan Ajantina haddar.

Hauwa: Su kuma suka haddace, har da rufe ido!

Bashir: To, mu dawo. Malam Sani, 'yan tangon gargajiya ma haka suka ce wa Piazzolla, wai abin da yake yi ba tango ba ne. Shi da ya tashi a New York yana jin jaz, ya je Paris a 1954 wajen malamar kiɗa Nadia Boulanger. Kuma ya rubuta wa jita da kansa, Tango Suite ai don 'yan'uwan nan Assad, makaɗan jita na Brazil, ya yi ta.

Sani: Su da yatsu suke kaɗawa. Shi Di Meola da ɗan robar da ake kaɗa tsirkiya da shi.

Bashir: Wannan gaskiya ne, kuma ana jin bambancin, nasa ya fi kaifi.

Hauwa: Amma ku saurari Oblivion a faifan 1996, Di Meola Plays Piazzolla. Ina saurin yake a nan? Ni nan ne ya kama ni.

Bashir: Mun so mu shiga maganar ƙugin kunnen da Di Meola ya daɗe yana fama da shi, ga shi lokaci ya ci mu. Malam Sani, ka yarda ko ba ka yarda ba?

Sani: Sai na sake saurare.

Bashir: To, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.