Rasuwar da Aka Ji da Wadda Ta Wuce Shiru: Waɗanda Muka Rasa a 2025

Assalamu alaikum, masu kallonmu.

Ranar Lahadi 13 ga Yulin 2025, da yamma, labari ya fito daga Landan cewa tsohon shugaban Najeriya Muhammadu Buhari ya rasu yana da shekara 82. Kafin a kira magariba babu wayar da labarin bai shiga ba. A wannan ranar dai, wani babban basarake ya cika: Awujale na ƙasar Ijebu a jihar Ogun, Oba Sikiru Kayode Adetona, mai shekara 91. Ya hau gadon sarauta tun 1960, watanni kafin Najeriya ta samu 'yancin kai, ya yi shekara 65 a kai. Ku faɗa mini tsakani da Allah, mu nawa ne a Arewa muka ji rasuwarsa a ranar?

Abin da za mu duba yau ke nan. Mutuwa rigar kowa ce, amma labarinta ba ya tafiya daidai. Wata rasuwar takan cika gari har mako guda, wata kuma sai bayan sadakar arba'in mutum zai ji, ya ce, "Ashe wane ya rasu?" Kuma sau da yawa yawan hayaniyar ba shi ne ma'aunin abin da aka rasa ba.

Mu fara da Buhari, don a kansa aka ga yadda hukuma ke ɗaukar rasuwa ta mai da ita ta ƙasa baki ɗaya. Mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya tafi Landan ya rako gawar. Gwamnati ta sa a sassauta tutoci na kwana bakwai, ta ba da hutu ranar Talata 15 ga wata. Shugaba Tinubu ya tarbi gawar a filin jirgin Katsina, daga nan aka wuce Daura, aka yi masa sallah, aka sa shi a makwancinsa cikin gidansa. Daga Nijar firaminista Ali Lamine Zeine ya zo, tsohon shugaba Mahamadou Issoufou ma ya zo, don Daura da Damagaram dangi ne tun kafin Turawa su ja iyaka. Bayan kwana biyu aka sauya wa Jami'ar Maiduguri suna zuwa nasa. Kowane mataki a cikin waɗannan labari ne mai zaman kansa, kowanne da kyamarori a kai. To ina Awujale zai samu wuri a kanun labarai? Shi ma an yi masa jana'iza irin ta Musulunci washegarin rasuwarsa, har aka yi ta ka-ce-na-ce da masu bin al'adun gargajiya da ke ganin gawar sarki tasu ce. Dokar da jihar Ogun ta yi a 2021 ce ta ba sarakuna damar a binne su bisa addininsu, kuma shi kansa yana cikin waɗanda suka daɗe suna neman hakan. Magana ce babba a ƙasar Yarbawa, amma ta faɗo a makon da idon kowa ke Daura.

Yanzu mu koma baya da mako biyar. Alhamis 5 ga Yuni, ranar hawan Arfa, Farfesa Jibril Aminu ya rasu a Abuja yana da shekara 85. Washegari Juma'a, ranar Babbar Sallah, Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya bi shi. Mutane suna filin idi, suna fama da raguna, mata suna kan suya, yara suna yawon Sallah. Aka yi ta'aziyya a gurguje, aka wuce. A ganina waɗannan biyun su ne rasuwar da ta fi cancantar a zauna a yi nazari a kanta a duk shekarar, kuma su ne aka fi yi wa gajeren zama.

Jibril Aminu ɗan garin Song ne a Adamawa, likitan zuciya. Ya shugabanci Jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985, ya yi ministan ilimi, ya yi ministan man fetur, ya yi jakadan Najeriya a Amurka, ya yi sanata har sau biyu. Amma abin da ya fi shafar talaka shi ne ilimin 'ya'yan makiyaya. A zamaninsa na ministan ilimi aka ɗauki maganar da gaske, har aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa a 1989. Tunanin mai sauƙi ne: tun da yaron ruga ba zai bar shanu ya zo gari ba, to makaranta ta bi shi. Duk wanda ke kallon halin da dazukan Zamfara da Katsina da Neja suke ciki yau, ya san cewa da an riƙe wannan shiri da hannu biyu, da wata maganar ake yi.

Uwais kuma Bazazzagi ne, ya yi Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1995 zuwa 2006. Bayan zaɓen 2007, wanda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fito fili ya ce akwai kura-kurai a cikinsa duk da shi ya ci, sai ya naɗa Uwais ya jagoranci kwamitin gyaran zaɓe. A Disambar 2008 suka miƙa rahoto. Suka ce a cire wa shugaban ƙasa ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe, a bar majalisar alƙalai ta ƙasa ta tantance masu nema. Suka ce a gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa. Suka ce a kafa hukuma ta musamman da za ta hukunta masu maguɗi. Har mutumin nan ya koma ga Mahaliccinsa ba a aiwatar da waɗannan ukun ba, kuma a Oktoban 2025, wata huɗu bayan rasuwarsa, shugaban ƙasa ne dai ya zaɓo sabon shugaban hukumar. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato za ku ji ana cewa "rahoton Uwais, rahoton Uwais". Da yawa daga masu faɗar ba su san mai sunan ya rasu ba.

Akwai wani dalili kuma da ya fito daga addininmu da al'adarmu. Mu ba ma ajiye gawa. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa wanka, an sa likkafani, an ɗauki makara. Sai zaman makoki na kwana uku a ƙofar gida, a kan tabarma, kowa ya zo ya ce "Ya haƙuri?", a amsa "Haƙuri sai ma'aiki", a shafa fatiha a tashi. Wannan sunna ce, kuma rahama ce ga iyali. Sai dai ta fuskar labari, rasuwar da aka yi jana'izarta cikin awa shida ba ta daɗewa a bakin duniya. Wadda aka samu jinkiri ita ke kwana a kafafen labarai.

Dubi Alhaji Aminu Alhassan Dantata. Ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni yana da shekara 94. Burinsa a binne shi a Madina, kuma shigar da gawa Saudiyya daga wata ƙasa sai da izinin hukuma. A kwanakin da ake jiran izinin, Kano ta yi masa salatul ga'ib, gidajen rediyo suka yi ta ba da tarihinsa: ɗan Alhassan Dantata mai dalar gyada, kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo, ƙanin kakan Aliko Dangote, mutumin da ya ba da naira biliyan 1.5 lokacin ambaliyar Maiduguri a 2024. Ranar 1 ga Yuli aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Haka ma a Ghana, da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi ranar 6 ga Agusta a hanyar Obuasi da mutum takwas, ciki har da ministan tsaro da ministan muhalli Ibrahim Murtala Mohammed, sai da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta kafin a gane gawarwakin, saboda wuta ta cinye su. Musulmin cikinsu sai bayan kwana huɗu aka yi musu sallah a Accra.

Sai kuma wanda bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, amma jama'arsa suka ishe shi. Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi ya rasu ranar 27 ga Nuwamba. An haife shi a 1927, wato a lissafin Hijira ya haura shekara ɗari. Wanda duk ya taso da rediyo a gidansu ya san muryar nan ta tafsirin azumi daga Kaduna, malam yana jawo aya bayan aya da ka, babu takarda a gabansa. Ranar jana'izarsa Bauchi ta cika ta batse, almajirai da muridan Tijjaniyya suka kwana a hanya daga jihohi da maƙwabtan ƙasashe. Wannan taron ba sanarwar hukuma ce ta tara shi ba. Shekaru ne na karantarwa da ciyar da almajirai.

To, ga rukunin da ya fi taɓa mini zuciya. Mutanen da kowa ya san fuskarsu, amma kaɗan ne suka san sunansu na yanka. In na ce Abdullahi Shu'aibu, za ku ce wane ne? In na ce Karkuzu na Bodara, duk wanda ya kalli talabijin na Jos a shekarun 1980 zai yi murmushi. Ya rasu a Jos a watan Maris na 2025, cikin azumi, ya haura shekara 90. Kafin nan, a 2023, wani bidiyo ya zagaya: tsoho a zaune, idanu sun tafi, yana bayanin cewa gidan da yake ciki ba nasa ba ne, kuma abinci ma yana yi masa wuya. Mutumin da ya sa gidaje dariya shekara da shekaru. Ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ne ya ga bidiyon ya saya masa gida, Allah Ya saka masa da alheri. Amma da bidiyon bai kai gare shi ba fa?

Haka Mato Yakubu, wanda aka fi sani da Malam Nata'ala na shirin Daɗin Kowa. Ya daɗe yana jinya, shi ma da bakinsa ya fito a bidiyo yana neman taimakon kuɗin magani, kafin ya rasu a Maiduguri a Nuwamban 2025. Kafin su, Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, ya tafi a Nuwamban 2023, Saratu Giɗaɗo, Daso, ta bi a Afrilun 2024 ana gab da Ƙaramar Sallah. Ranar da kowannensu ya rasu, Facebook da TikTok suka cika da hotunansa da "Allah Ya jiƙan rai". Addu'a abu ce mai kyau, ba mai raina ta. Amma me ya sa tsohon ɗan wasa kan kai ga roƙo a gaban kyamara? Saboda yadda sana'ar take. Ana biyan ɗan wasa sau ɗaya, a kan aikin da ya yi. In an maimaita shirin sau ɗari, ko an ɗora shi a YouTube ya tara miliyoyin masu kallo, mafi yawansu ba sa ganin ko sisi. Babu fansho, babu giratuti. Ranar da ƙarfi ya ƙare, ranar samu ya tsaya.

Akwai ma waɗanda ko laƙabin ba su kai ga samu ba. Ranar 31 ga Mayun 2025, motar tawagar jihar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun ta faɗo daga kan gada a hanyar Zariya zuwa Kano, saura ƙiris su iso gida. Sama da mutum 20 suka rasu, 'yan wasa da masu horarwa da jami'ai. Sun sa rigar jiha, sun wakilci miliyoyin mutane, yawancinsu matasa ne da ba su ko fara cin moriyar wahalarsu ba. A labarai adadi aka riƙa faɗa. Kwana shida bayan nan Babbar Sallah ta zo.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa, tun da a waya yawancinmu muke jin rasuwa yanzu. Gaggawar zama na farkon sanarwa ta sa ana kashe mutane da ransu. Buhari kansa an sha sanar da mutuwarsa a 2017 lokacin da yake jinya a Landan, har aka ƙirƙiro cewa wani ne daga Sudan ke zaune a madadinsa, sai da ya fito a 2018 ya ce shi ne da kansa. Malamai da 'yan fim da yawa sun wayi gari sun ga hotonsu da "Inna lillahi" a ƙasa. Ku tuna akwai uwa, akwai mata da 'ya'ya da za su ga wannan rubutu kafin kowa ya kira su. In ba daga iyali, ko fada, ko wata kafar labarai da aka sani ya fito ba, a dakata.

Waɗanda suka riga mu, Allah Ya gafarta musu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan. Game da na raye kuwa, akwai abin da za a iya yi tun yanzu. Dokar inshorar lafiya da Najeriya ta yi a 2022 ta tanadi asusu na musamman don marasa galihu, kuma tsofaffi suna cikin waɗanda ta ambata. Jihar Kano da maƙwabtanta suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya. Ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN da hukumar tace finafinai ta Kano za su iya tattara sunayen dattawan sana'ar, su yi musu rajista, su biya musu kuɗin shekara, wanda bai kai abin da ake kashewa a bikin ƙaddamar da fim ɗaya ba. Sa'o'in Karkuzu da Samanja suna nan da ransu a Jos da Kaduna da Kano da Sakkwato, tsofaffin 'yan wasan rediyo da makaɗa da masu gabatar da shirye-shirye, kuma abokan sana'arsu sun san ƙofar gidan kowannensu.