Hirar Tsakar Gida: AS da AS, an riga an kai lefe

Ummi: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Ga Anti Hauwa, ma'aikaciyar asibiti, ga Barista Auwal. Yau ba mu muka zaɓi magana ba, ku kuka zaɓa, don tun makon jiya saƙonninku a kan abu ɗaya suke.

Anti Hauwa: Maganar yarinyar nan.

Ummi: Ita. Ba za mu kama suna ba. An sa rana, an kai lefe, saura 'yan makonni biki, aka je gwajin jini, ita AS, shi ma AS, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda ɗaya, in suka haɗu suna iya haifar mai sikila, wato SS. Yanzu gida ya rabu biyu. Barista, fara mana da doka.

Barista: To, a Kano dai tun watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Ba a ɗaura aure sai da takardar shaida daga asibitin da gwamnati ta amince da shi. Ana duba jinotayif, wato ko mutum AA ne, AS ko SS, da ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Wanda ya karya, akwai tarar da za ta iya kaiwa naira 500,000, ko ɗauri, ko a haɗa masa duka. Kuma dokar ta hana tsangwamar masu...

Anti Hauwa: Tsaya Barista. Ni dokar nan ina bayanta ɗari bisa ɗari, amma lokacin da ake gwajin ne yake ƙona mini rai. Ace sai an gama shaƙuwa, iyaye sun san juna, an kashe kuɗi, sannan a miƙa wa yarinya takarda a barandar asibiti? Wallahi zalunci ne. Jinotayif fa ba ya canzawa, da shi aka haife ka, da shi za ka koma. Me zai hana a yi wa yaro tun yana jariri, ko ranar da za a sa shi firamare? Yarinya ta tashi ta san ita AS ce kamar yadda ta san sunan unguwarsu. Saurayi na zuwa zance, tun kafin zuciya ta kamu, an san inda aka dosa.

Ummi: Anti, wa zai tambayi saurayi jinotayif ranar farko?

Anti Hauwa: Ai ana tambayarsa ɗan gidan wa ne, a ina yake aiki. Wannan ta fi su muhimmanci. Ki zo ɗakin yara na asibiti ki kwana ɗaya. Ki ga ɗan shekara biyar yana ihu ƙashinsa na sara, hannu da ƙafa sun kumbura, uwa na tsaye ba abin da za ta iya. Uba yana zagaye neman leda biyu ta jini da tsakar dare. Ana ƙiyasin duk shekara ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Kuma ga lissafin da mutane ke ɓatawa: sai ka ji an ce ai ɗaya cikin huɗu ne, mu haifi uku mu tsaya. A'a! Kowane ciki lissafinsa daban. Kowane ciki akwai kashi 25 cikin ɗari ya zo SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Na ga gidan da uku a jere duk SS. Na ga gidan da shida ba ko ɗaya. Sannan ga AC, wani nau'in jinotayif da ba a maganarsa, in ya haɗu da AS ana iya samun SC, shi ma ciwo ne.

Barista: Ummi, kin ce an kai lefe ko? Akwati nawa?

Ummi: Barista kai ma! Ba ta faɗa ba.

Barista: Ai nan shari'ar take. In an fasa, wa zai mayar? Na taɓa zama sulhu, wallahi maganar jini minti biyar aka yi, sauran yinin duk a kan atamfa.

Anti Hauwa: An riga an kai ɗinki!

Barista: An ɗinka uku! Gwaggon ango ta ce a ƙirga, gwaggon amarya ta ce ai tukwici ma sai a dawo da shi.

Ummi: Da lemon da aka sha ranar kawo kaya.

Anti Hauwa: Da cincin da dubulan! (dariya) Ke, gwaggo ba ta mantuwa. Za ta gaya miki leshi kaza ne, mai ruwan goro yana ƙasan akwati na biyu.

Barista: Ga 'yan anko kuma, sun saya sun ɗinka.

Ummi: Su sa da Sallah.

Anti Hauwa: Unguwa guda kaya iri ɗaya a filin Idi.

Ummi: Kai jama'a. To mu dawo. Barista, tambayar da aka fi turowa: hukuma na da ikon ta ce AS da AS ba za su yi aure ba?

Barista: Ni a ganina aikin hukuma shi ne ta tilasta a sani, shawara kuma ta bar wa masu auren. Saudiyya tun 2004 ta wajabta gwajin nan, amma in sakamako ya nuna haɗari, zama ake yi da ku a yi muku bayani, in kun ce kun ji kun gani, ba a hana ku. In ka ce hani za ka yi da ƙarfin doka, mutane za su tsallaka wata jiha a ɗaura, ko su nemi takardar bogi.

Anti Hauwa: Ana ma yi. Mutum ya biya a rubuta masa AA. Wannan ya ci amanar matarsa da ɗan da ba a haifa ba, kuma zai tsaya gaban Allah. Wani kuma ba da gangan ba ne, ɗakin gwajin ne ba shi da inganci, ko an ƙara wa mutum jini kwanan nan sakamako ya rikice. Shi ya sa nake cewa a yi a wuri biyu, in an yi ƙarin jini a jira kamar wata uku. Amma Barista, ni fa in 'yata ce, zan zaunar da ita in ce ki haƙura. Da kuka zan faɗa, amma zan faɗa. Don wanda zai sha ciwon ba ya wurin da ake yanke shawarar.

Barista: Wannan ke uwa ce, Anti. Uwa daban, ɗan sanda daban. Kuma akwai sirri. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirrinsa ne. Amma takarda ta bi hannun waliyyi, ta bi hannun wakili, kafin la'asar mata sun ji a gidan suna.

Anti Hauwa: Nan ne nake jin tausayin 'yan matanmu masu SS. Mai SS in ta auri AA, ba ta haifar SS, duk 'ya'yan AS za su zo. Amma da dangin miji sun ji, sai su ce ba za su ɗauko jinya ba. Alhali yanzu da maganin haidiroksiyuriya, da rigakafin maleriya, da shan ruwa sosai, da zuwa asibiti a kan kari, suna karatu, suna aiki, suna haihuwa. Gwajin don a kare yara aka kawo shi, kada a mayar da shi abin ware mutane.

Ummi: Wani ya turo cewa ai ana iya gwada cikin tun yana ƙarami.

Anti Hauwa: Ana yi, wajen mako 11 zuwa 13 ana ɗiban ɗan samfuri daga mabiyiya. To in ya nuna SS fa, sai me?

Barista: Sai ka ci karo da sashe na 232 na Penal Code, kundin dokar laifuka ta Arewa. A Arewa zubar da ciki laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara 14, sai dai in don ceton ran uwa. A ɓangaren addini, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna a Makka a 1990, ta ce kafin kwana 120, in kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa marar magani, ana iya cirewa in iyaye sun nema. Amma mashhurin Malikiyya da muke bi ya fi haka tsanani, ko kafin kwana 40 bai yarda ba.

Anti Hauwa: Kuma ni ba zan sa sikila a wannan layin ba. Ina da marasa lafiya da suka zama malamai da injiniyoyi. Masu hali dai suna yin dashen ƙwai, a haɗa a waje, a gwada, a mayar da wanda ba SS ba. Miliyoyi ne. Dashen ɓargo kuma tun 2011 aka fara yi a asibitin koyarwa na Benin da ke jihar Edo, sai an sami ɗan'uwa da ya dace, ga kuɗi, ga haɗari. Ga sabon maganin gyaran ƙwayar halitta, Casgevy, da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Dala miliyan 2.2 kan mutum ɗaya. Ciwon yana nan wurinmu, maganin yana can inda...

Ummi: Anti, an fara kiran Magariba, kuma mun yi alkawarin maganar cire wa marar lafiya na'urar numfashi, ko taɓa ta ba mu yi ba.

Barista: Wannan ai zama guda ce, sai mun gayyato malami.

Anti Hauwa: Minti ɗaya, ban gama da maganar gwajin jarirai ba...

Ummi: Mako mai zuwa da ke za mu fara, Anti. Ku ci gaba da turo saƙonni. Barista, miƙo min hijabin can. Sai an jima.